Yayana ya ƙi zaman sulhu, ko akwai amfani in nemi mashawarci ni kaɗai?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai bi, ɗan kasuwa a Sabon Gari, kuma ga abin da ya ce a taƙaice. Shi da yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, sun haɗa jari sun buɗe shago, suka yi shekaru suna juya shi tare, har ranar da ya gano cewa yayan ya ciri kuɗi daga jarin ya sayi fili da sunansa shi kaɗai. Ransa ya ɓaci, ya kira yayan maci amana a gaban yaran shago da matansu su biyu, yau kuma shekara biyu ke nan ba sa ga maciji, alhali majami'a ɗaya suke yin sujada, mahaifiyarsu kuma tana raye tana kuka da lamarin. Fasto ya taɓa zaunar da su sau ɗaya, aka ce kowa ya yi haƙuri, suka gaisa hannu da hannu, amma babu abin da ya sauya, yanzu kuma yayan ya ce ba zai ƙara zuwa wani zama ba. Mai tambaya ya ji cewa akwai masu taimaka wa mutum ɗaya shi kaɗai ya shirya neman sulhu, yana so ya sani ko wannan yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, da yadda ake yin sa, da kuma ko zai yi wani amfani tun da ɗayan ya rufe ƙofa.

Ɗan'uwana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Akwai amfani, kuma a halin da kake ciki wannan ce ƙofar da ta rage a buɗe, domin ita kaɗai ce ba ta bukatar amincewar yayanka kafin a shige ta.

Mu a nan Kano mun saba haɗa ayyuka uku a cikin kalma ɗaya, wato sulhu, alhali kowanne da yadda yake tafiya. Akwai mai shiga tsakani, wanda yake zaunar da mutane biyu ya taimake su su daidaita da bakinsu. Akwai mai raba gardama, wanda ɓangarorin biyu suka yarda tun farko cewa abin da ya yanke shi ke nan. Sai na ukun, wanda kake tambaya a kansa, ni kuwa ina kiransa mashawarcin sulhu: yana zama da mutum ɗaya kawai, ba ya kai saƙo, ba ya yanke hukunci, aikinsa shi ne ya shirya wanda ya zo wurinsa har ya iya tashi da ƙafarsa ya je wurin ɗan'uwansa ya yi magana yadda ta dace. Waɗanda suka tsara wannan aiki a zamaninmu har ya zama abin da ake koyarwa a majami'u, akwai wani lauya Ba'amurke mai suna Ken Sande, wanda ya fara hidimar sulhu ta Kirista a garin Billings na jihar Montana a 1982, hidimar da aka sani daga baya da suna Peacemaker Ministries. Tsarinsu ya sa shawara ga mutum ɗaya a gaba, shiga tsakani ya biyo baya, raba gardama kuma ya zo ƙarshe, kuma ba su ƙago wannan jeri ba, daga Matiyu 18:15-17 suka ɗauko shi, inda Ubangiji ya ce ka fara zuwa kai kaɗai, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai ga ikkilisiya. Aikin kansa kuwa ya girme su nesa ba kusa ba. Abigail ta tari Dawuda a hanya yana tafe da mutum 400 don ya hallaka gidan Nabal, ta yi masa magana shi kaɗai har ya mayar da takobinsa kube, kamar yadda yake a 1 Sama'ila 25. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon ma, daga farkonta zuwa ƙarshenta, shirya zuciyar mutum ɗaya ce domin ya karɓi Unisimas wanda ya ɓata masa.

Kafin in faɗa maka yadda zaman yake tafiya, ya kamata mu duba dalilin da ya sa zaman farko bai kama ba, domin in ba ka gane shi ba za ka sake maimaita shi. Ban ga laifin faston ba, abin da akasarinmu muka gada ya yi. Haƙuri babban abu ne, yana cikin 'ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafa a Galatiyawa 5, kuma gidaje da yawa a garin nan da haƙuri suke tsaye. Sai dai akwai haƙurin da ake bayarwa bayan an ji ciwon mutum, akwai kuma wanda ake bayarwa domin kada a ji shi. Wannan na biyun murfi ne ake kifawa a kan tukunyar da take tafasa. Annabi Irmiya ya yi kuka da shugabannin zamaninsa a sura 6 aya 14, cewa suna yi wa raunin jama'a magani sama-sama, suna cewa lafiya, lafiya, alhali babu lafiya. A zaman naku raunuka biyu ne, kuma daga bayaninka babu wanda aka kira da sunansa. Ba a tambayi yayanka nawa ya cira da kuma dalilinsa ba, ba a kuma tambaye ka abin da ya sa ka tozarta shi a gaban yaran da yake ba su umarni ba. Ka kuma duba yadda zaman yake a idonsa: babban wa, an kira shi gaban fasto da dattawa, ga ƙanensa zaune, ana jiran ya ce ya yi kuskure. Mutum ƙalilan ne za su iya wannan a al'adarmu, ko da sun san ba su da gaskiya. Saboda haka kada ka ɗauki ƙin zuwansa zama na biyu a matsayin shaidar cewa ya ƙi ka har abada, mai yiwuwa ne kunyar wancan zaman ce yake gudu.

A zama na farko mashawarci nagari zai bar ka ka zazzage duk abin da ke cikinka ba tare da ya katse ka ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan haka zai soma yi maka tambayoyin da za su raba abin da ka gani da idonka da abin da ka yanke a zuciyarka. Zai so ya sani ko kun taɓa rubuta yarjejeniya lokacin da kuka haɗa jarin, nawa kowa ya zuba, ko akwai littafin da kuke rubuta shige da fice, yadda kowannenku yake ɗaukar na cefane, da kuma ko ka tambayi yayanka a keɓe kafin ranar da ka yi masa faɗa. Zai iya tambayarka wanda ya biya maka kuɗin makaranta, da wanda ya tsaya maka lokacin aurenka. Waɗannan tambayoyi sukan yi wa mutum zafi, yakan ji kamar ana neman wanke wanda ya cuce shi, amma ba nufin ke nan ba. A gidajenmu da yawa babban wa yana ɗaukar kansa uba, yana kallon shago a matsayin dukiyar gida da ke hannunsa, yana kuma ganin cewa filin da ya saya da sunansa na gida ne ko da bai faɗa ba, ƙane kuwa yana kallon shagon a matsayin haɗin gwiwar mutum biyu masu hakki daidai. Wannan bai halatta cirar kuɗi a ɓoye ba, ko kaɗan. Amma ya nuna cewa mai yiwuwa yayanka bai taɓa kallon kansa a matsayin ɓarawo ba, kuma kalmar da ka jefe shi da ita ta faɗo masa kamar aradu. Karin Magana 18:17 ta ce wanda ya fara kawo ƙara yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Mashawarci ya san bakin mutum ɗaya ya ji, shi ya sa ba zai ce maka yayanka ya ci amanarka ba, ba zai kuma ce bai ci ba. In ka ga wanda ka je wurinsa ya yi saurin tayar maka da jijiyar wuya yana zagin yayanka tare da kai, ka sani abokin fushi ka samu, kuma irinsu kana da su da yawa tun shekara biyu da suka wuce.

Daga nan sai a gangaro kan abin da kake so a zahiri. Yakubu ya tambaya a wasiƙarsa, sura 4 aya 1, daga ina faɗace-faɗace suke fitowa a tsakaninmu, ya amsa cewa daga sha'awace-sha'awacen da suke yaƙi a cikinmu ne. A Luka 12:13-15 wani ya zo wurin Yesu da magana mai kama da taka, ya ce a gaya wa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Ubangiji kuwa ya ƙi zama mai rabo a tsakaninsu, ya juya ya yi gargaɗi a kan haɗama. Bai ce mutumin ba shi da hakki ba, amma zuciyar wanda ya zo gabansa ya duba. A shekarun da na yi ina zama da masu irin wannan damuwa, na ga cewa kuɗin da ake ambata da farko sau da yawa ba su ne ƙashin bayan ciwon ba. Wani so yake yayansa ya yarda cewa shi ma ya girma ya zama magidanci wanda ake shawara da shi. Wani tsoro yake ji kada ya mutu 'ya'yansa su tashi babu komai, 'ya'yan yayansa kuwa suna da fili. Wani so yake a ce masa kai ne mai gaskiya a gaban mutanen da suka ji rigimar. Biyu na farko bukatu ne masu kyau da za a iya faɗa wa yaya cikin ladabi, na ukun kuwa sai an kai shi gaban Allah an ajiye, domin muddin shi kake nema to ba sulhu za ka je yi ba, shari'a za ka je ci.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, kuma a nan ne aikin mashawarci yake da nauyi. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, Ubangiji kuma ya faɗi haka a Matiyu 7:3-5 da misalin gungumen da ke idonka da ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka. Mutane sukan ɗauka ayar tana nufin laifinka ya fi nasa girma, sai su ƙi ta. Ni ban karanta ta haka ba. Ko da a ce kashi tara cikin goma na laifin nasa ne, kashi ɗayan da ya rage naka ne gaba ɗayansa, kuma shi kaɗai ne kake da iko a kansa. Ka kira yayanka maci amana a gaban yaran shago da matarsa da taka. Ka tuna cewa washegari sai da ya shiga shagon nan ya dubi yaran, sai da ya koma gida ya dubi matarsa. Ka lura kuma da yadda Matiyu ya kewaye ka ta gefe biyu: a sura 18 an ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je wurinsa, a sura 5 aya 23 da 24 kuma an ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ko kai aka ɓata wa ko kai ka ɓata, kai ne aka ce ka tashi, kai kuwa duka biyun sun hau kanka.

Mashawarci zai sa ka tsara neman gafararka tun kafin ka tafi, har ma ka rubuta ta, domin magana zarar bunu ce. Neman gafara na gaskiya yana kiran laifin da sunansa, ya faɗi inda aka yi shi da gaban waɗanda aka yi shi, ya kuma nuna cewa mai laifin ya gane zafin da ya jawo. Akwai kalmomi biyu da suke kashe shi. Ta farko ita ce "in", kamar a ce in na ɓata maka ka yafe mini, alhali ka san ka ɓata. Ta biyu ita ce "amma", kamar a ce na yi kuskure amma kai ma ka san abin da ka yi, domin duk abin da ya zo kafin amma ya goge. Abin da ya dace ya fi kama da haka: Yaya, ranar nan na kira ka da sunan da bai kamata ƙane ya kira wansa da shi ba, na yi shi a gaban yara da iyalinmu, na zubar maka da girma, na yi wa Allah laifi na yi maka, ina roƙonka ka gafarta mini. Daga nan sai ka yi shiru. Tun da kuma a gaban mutane ka ɓata, ka gaya masa a shirye kake ka janye maganar a gaban mutanen nan, ka kuma cika. Ina ba ka shawara da ƙarfi kada ka tayar da maganar filin a wannan zuwan. In ka haɗa su, zai ga neman gafararka tarko ne da ka ɗana don ka kai ga kuɗi, kuma ka binciki zuciyarka da kyau ko ba haka ba ne, domin in haka ne gara ka ƙara zama da mashawarcinka kafin ka tafi.

Yadda ƙane yake zuwa wurin wa yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, Littafi Mai Tsarki kuma bai raina wannan ba. Bulus ya gaya wa Timoti, a wasiƙa ta fari sura 5 aya 1, kada ya tsauta wa dattijo da kakkausar murya, sai dai ya roƙe shi kamar uba. Ka karanta Farawa 32 da 33 a natse. Yakubu ya yi shekara 20 rabonsa da Isuwa, da zai koma sai ya aika manzanni su yi masa iso, ya tura kyautar dabbobi garke-garke a gabansa, ya kwana yana kokawa da Allah, da gari ya waye kuma ya wuce gaban iyalinsa da kansa ya rusuna har ƙasa sau bakwai, yana kiran kansa bara. Isuwa, wanda ya taho da mutum 400, ya sheƙo a guje ya rungume shi suka yi kuka. A nan akwai amsar tambayar da ake yawan yi mini, ko ya halatta a aiki wani. Ya halatta baffanku ko kawunku ya je ya ce wa yayanka ƙanenka yana neman izinin zuwa gaishe ka, iyakar aikinsa ke nan, buɗe ƙofa. Maganar kanta kuwa waƙa ce da ta fi daɗi a bakin mai ita. Kada ka tare shi a shago, kada ka tare shi a ƙofar majami'a bayan sujada inda idanu suke, kada kuma ka aika ta WhatsApp, domin rubutu ba ya ɗauke da murya kuma ana iya nuna wa wasu. Ka je gidansa a lokacin da ya zaɓa, ka gaishe shi yadda ka saba tun kuna yara, ka zauna ƙasa da shi. Mashawarci nagari zai zauna a matsayin yayanka ku gwada zancen sau biyu ko uku, ya jefo maka maganganu masu zafi irin waɗanda za ka iya ji, kamar sai yanzu ka san ni yayanka ne, domin ka koyi amsawa da taushi tun kafin ranar. Na ga mutane da yawa da suka tafi da kyakkyawar niyya suka dawo da sabuwar rigima saboda jimla ɗaya da ba su shirya mata ba.

Ka yi magana da matarka tun kafin ka tafi, domin ita ma ta sha zafin shekaru biyun nan, kuma in ba ta san abin da kake yi ba za ta ga kamar ka sayar da hakkin 'ya'yanta ne.

Maganar filin tana nan, ba a binne ta ba, kuma ina so ka ji wannan sosai domin akwai masu koyar da cewa wanda ya gafarta ba ya ƙara ambaton hakkinsa. Dokar Musa a Littafin Ƙidaya 5:6-7 ta ce wanda ya cuci wani ya furta laifinsa, ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Zakka kuma da ya tuba a Luka 19 bai tsaya ga baki ba, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Saboda haka bayan ƙura ta lafa, ko da makonni ne ko watanni, kana da damar komawa ka ce masa akwai abin da ya tsaya maka a rai game da kuɗin da aka cira, kana so ka ji daga bakinsa yadda abin ya kasance. Ka fara da tambaya, ka saurara har ya gama, domin Karin Magana 18:13 ta kira amsawa kafin a ji wauta da abin kunya. Daga nan hanyoyi suna da yawa: a ƙiyasta abin da aka cira a mayar maka da rabonka kaɗan-kaɗan, ko a sa sunanka a takardar filin, ko a raba jarin kowa ya kama gabansa cikin mutunci. Duk abin da kuka daidaita a kai ku rubuta shi da shaidu, domin rashin rubutu ne ya kawo ku nan. In kun kasa ku biyu, lokacin ne na mutum ɗaya ko biyu da Ubangiji ya ambata, kuma zai fi kyau a samu wanda ya san lissafin kasuwa a cikinsu, irin dattawan kasuwa da suka saba raba abokan ciniki. Kana kuma da 'yancin yafe kuɗin gaba ɗaya, Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 6:7 gara a cuce ka da ka ja ɗan'uwa gaban shari'a. Amma in ka yafe ka yafe da gaske, ba yafewar da za a tono ta ranar rabon gādo ko ranar auren 'ya'ya ba. Mashawarci ba zai zaɓa maka ba, zai dai hana ka yaudarar kanka. Tun da kuma magana ce ta fili da jari, babu laifi ka ji ta bakin lauya don ka san matsayinka, musamman da yake doka tana sa wa'adi ga shigar da irin waɗannan ƙararraki, kuma ko an kai ga hukuma akwai cibiyar sasanci a ƙarƙashin babbar kotun jihar Kano wadda aikinta daidaita mutane ne ba tare da an tsaya gaban alƙali ba.

Gafara da sulhu da amana abubuwa uku ne, kuma ba tare suke isowa ba. Gafara kai kaɗai kake bayarwa, saboda Allah ya gafarta maka cikin Almasihu kamar yadda Afisawa 4:32 ta ce, kuma ba ta jiran yayanka. Sulhu sai da mutum biyu. Amana kuwa a hankali take tsirowa, da ganin hali. Yakubu da Isuwa sun rungumi juna, duk da haka Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot, ba su haɗa garke ba, amma da Ishaku ya rasu su biyun ne suka binne shi. Bulus da Barnaba sun rabu da zafi a kan Markus a Ayyukan Manzanni 15, bayan shekaru kuma Bulus ya rubuta wa Timoti cewa ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi. Mai yiwuwa ne ba za ku ƙara haɗa shago ba, kuma wannan ba gazawa ba ce, muddin kuna iya cin tuwo a kwano ɗaya a ɗakin mahaifiyarku.

Yana kuma yiwuwa ka yi duk wannan ya ƙi sauraronka, kuma duk mashawarcin da ya yi maka alkawarin cewa lalle zai karɓe ka ya faɗi abin da ba ya hannunsa. Romawa 12:18 ta sa iyaka biyu, in mai yiwuwa ne, da kuma iyakar abin da ke wajenka. In ya ƙi, abin da ke wajenka bai ƙare ba: ka ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba, ka je dubiya in ba shi da lafiya, ka je suna da biki da jana'iza, ka daina ba da labarin rigimar ga wanda ba zai iya gyara ta ba, ka kuma hana 'ya'yanka gādon gabar, su riƙa zuwa gaishe da baffansu. Zumunta a ƙafa take. Kada ka yi gaggawar kai shi gaban dattawa don a sa shi a horo, domin matakin ƙarshe na Matiyu 18 an ba da shi ne don a ribato ɗan'uwa, wanda kuwa ya ɗauke shi ya mai da shi bulala ya riga ya ɓata shi.

Dole in faɗi wani abu saboda sauran masu karatu. Duk abin da na bayyana ya shafi saɓani ne tsakanin mutanen da babu wanda yake tsoron ɗaya. Inda ake dukan mace, ko ake lalata da yaro, ko ake barazana ga rai, ba a tura wanda ake cuta ya je shi kaɗai wurin mai cutar da shi da sunan Matiyu 18. A can abin da ake fara yi shi ne a fitar da shi daga haɗarin, a kai shi asibiti in da rauni, a sanar da hukuma, kuma ikkilisiyar da ta rufe irin wannan da cewa a yi haƙuri ta shiga cikin laifin.

Game da wanda za ka nema, ba lalle ne ya zama fasto ba, kuma ba duk wanda ya yi karatun tauhidi a Bukuru ko Kagoro ko Jos ne yake da baiwar wannan aiki ba, kamar yadda akwai dattawa da iyaye mata a Zumuntar Mata da ba su taɓa shiga aji don shi ba amma Allah ya ba su kunne. Ka nemi mutumin da aka san shi da riƙe sirri, wanda ya san Littafi Mai Tsarki yana kuma buɗe shi don ya gyara wanda ke gabansa, wanda ba danginku ba ne kuma ba shi da wata riba a shagon, wanda yake iya gaya maka abin da ba ka so ka ji. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ka guji duk wanda zai ce an nuna masa cewa yayanka ko matarsa sun yi maka asiri, domin na ga gidajen da irin wannan magana ta raba har kabari. Ka sanar da fastonku abin da kake yi, don girmamawa da kuma don ya riƙa yi muku addu'a, ka roƙe shi kada ya kira wani zama tukuna. A yadda nake yi, zama uku zuwa biyar cikin wata ɗaya ko biyu yakan isa mutum ya shirya zuwan farko, sa'an nan mu sake haɗuwa bayan ya dawo mu duba abin da ya faru.

Kafin zamanka na farko da shi, ka samu takarda ka rubuta abin da ya faru bi da bi, iyakar abin da ka gani ko ka ji da kunnenka, ka ware abin da aka gaya maka gefe guda. A wata takardar ka rubuta kalmomin da ka faɗa ranar nan yadda suka fito daga bakinka, da sunayen waɗanda suke wurin. A ta uku ka rubuta alherin da yayanka ya taɓa yi maka tun kuna yara, duk wanda ka iya tunawa. Ka tafi da ukun wurin mashawarcin. Mahaifiyarku kuma ka je ka gaishe ta a makon nan, ka gaya mata ka soma neman hanyar shiryawa da yayanka, ka roƙe ta ta sa ku a addu'a, amma kada ka ba ta saƙo ta kai masa.